Kwana Sha Tara da Wutar Kuka Biyu Ta Yi a Kulle

Wada ɗan Baƙo mutumin Dogo-Dogo ne. Ubansa manomin gero da wake ne, in rani ya yi kuma ya ɗora wa jakinsa tabarmi ya bi kasuwanni. Wada ya yi lekol, wato firamare, shekara shida, ya faɗi jarrabawar shiga kolej, ba kuwa wanda ya yi mamaki, har shi kansa. Abin da aka san shi da shi tun yana ƙarami shi ne kwance kayan mutane. Tocila, agogo, kwaɗon ƙofa, duk abin da ya shigo hannunsa sai ya ga cikinsa. Ranar da ya kwance rediyon mushe, malamin ajinsu, ya kasa mayarwa, Baƙo ya zane shi, washegari kuma ya kai shi Magarya wajen wani mai gyaran rediyo, ya ce tun da ɓarna yake so, gara ya koyi yadda ake yin ta a biya shi.

Shekara takwas ya yi a rumfar nan. Daga rediyo ya koma ja wa gidaje wayar kuran, wato lantarki, ya bi wani ɗan kwangila Damagaram, ya yi rani biyu a Kano yana naɗin injin ban ruwa. Bai taɓa samun takardar shaidar sana'a ba. Mutum ne marar yawan magana, gajere, mai tafiya kansa a sunkuye kamar yana neman abin da ya yar. Ya auri Ladi, 'yar Kuka Biyu cikin ƙasar Guci, mai tuyar ƙuliƙuli da matsar man gyaɗa. Da mahaifinta ya rasu ya bar gona ba namijin da zai noma, suka tattara suka koma can. Wada yana noma da damina, da rani yana gyaran salula da fitilun batir a ƙofar gida.

Yana da shekara arba'in da bakwai aka kawo wa Kuka Biyu wutar rana. Wani kamfani ne na ƙasar waje ya samu aikin, ya kafa irinta a ƙauyuka da dama. Aka kewaye fili a gabas da gari, aka jera fale-falen kama rana, waɗanda kowa ke kira pano, guda ɗari da ashirin. Aka ajiye ɗakin ƙarfe cike da batir, da manyan akwatuna uku masu mai da wutar rana irin ta gida. Daga nan waya ta tafi likita, wato asibitin garin, ta tafi famfon da ke cika tankin ruwan gari, ta shiga injin niƙa da gidaje kusan tamanin. Mutane suka sa wa wurin suna santiral.

Injiniyan da ke kula da yankin, Souleymane, saurayi ne ɗan Damagaram mai ladabi. Shi ya nemi mai gadi wanda ya san waya, mai gari Ajimi ya nuna masa Wada. Aikin ba wuya: wanke pano da sassafe, cire ciyawa, korar awaki, duba lambobin da ke kan akwatunan. Albashi jika sittin, wato sefa dubu sittin, a wata. Ranar da zai ba shi makulli, Souleymane ya nuna masa wani ƙaramin akwati fari da ke manne a bango, da 'yar sanda a kansa.

"Malam Wada, wannan shi ne bakin kamfani da kunnensa. Akwai pus a ciki irin ta salula. Ta nan suke ganin komai daga can ƙasarsu, ta nan suke kunnawa su kashe. Ka ga dalmar nan da aka ɗaure murfin manyan akwatunan da ita? Ko me ya faru, kada ka tsinke ta. Ka kira ni."

Wada ya duba dalmar, ya ce to. Shekara huɗu bai taɓa ta ba, ko da yake Ladi ta sha cewa ta san abin yana cin ransa.

Da daminar 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, manyan garuruwa suka shiga wahala. Masu walda a Magarya suka zauna, masu ƙanƙara suka kife bokitansu. Kuka Biyu kuwa ko ƙiftawa fitilarta ba ta yi ba. 'Yan kabu-kabu suka riƙa zuwa daga Dungas suna ɗaukar ƙanƙara cikin buhun ƙaiƙayi. A majalisar ƙofar mai gari aka yi ta alfahari, ana cewa tasu wutar daga sama take saukowa, ba gwamnatin da hannunta zai kai can. Wada yana jin su. Shi ma haka ya ɗauka.

Shekara biyu bayan haka, wata Talata a tsakiyar bazara, rana tana tsaka, Wada yana zaune a inuwar ɗakin ƙarfen yana gyaran wata fanka, sai ya ji ƙarar da ya saba da ita ta ɗauke. Ya shiga ya duba. Batir a cike, rana kamar ta fasa kai, ba wayar da ta tsinke, ba warin ƙuna. Akwatunan uku duk sun nuna jar fitila, a fuskarsu kuma wani gajeren rubutu ya fito wanda ba faransanci ba ne, ba kuma ingilishi ba. Ya kashe ya kunna, rubutun ya dawo. Ya kira Souleymane sau shida kafin ya samu.

"Ba ku kaɗai ba ne," in ji Souleymane. Muryarsa a gajiye take. "Duk ƙauyukanmu sun mutu lokaci guda. Har na wasu ƙasashe. Ban san komai ba tukuna. Kada ka taɓa komai."

Ruwan tanki ya kai su zuwa yammacin Laraba. Ranar Alhamis mata suka koma tsohuwar rijiya, wadda rabon da a ja ruwa a cikinta tun kafin a kafa famfo. Zurfinta gaba ashirin da biyar ne, ruwan kuma ja, sai an bar shi ya kwanta. Aka nemo guga da igiya, aka ɗaura wa bijimi yana ja. Garin da mutanensa suka haura dubu biyu, ga shanu ga tumaki, duk suka dawo kan baki ɗaya. Ladi ta bar tuya, don injin niƙa ya tsaya, ita ma ta bi layin rijiya tun hantsi har azahar ta dawo da jarka biyu.

Ranar Juma'a Souleymane ya iso bisa moto. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar mai gari, ya tsaya ya yi bayani gwargwadon abin da shi ma aka gaya masa. Ya ce wasu ne suka kutsa cikin injunan kamfanin ta hanyar sadarwa, ba tare da sun taka ƙafa ko'ina ba. Ana zargin wata gwamnati ce ta sa su, wadda ke rigima da ƙasar kamfanin. Abin da suka nufa shi ne manyan tashoshin wutar waccan ƙasa, su jefa biranenta cikin duhu don a ji tsoronsu. To kamfanin nan yana da hannu a can, yana da hannu a nan, umarnin kulle ya bi duk inda akwatinsa yake.

Mai gari Ajimi, tsoho ne mai shekara saba'in da wani abu, ya gyara zama ya ce, "Yaro, su masu wannan aiki, sun san da mu?"

"Ranka ya daɗe, ban yi zaton sun taɓa jin sunan garin nan ba."

"To ita ƙasar da aka yi wa, shiru za ta yi?"

"A'a. Ta ce za ta rama. Ai dama haka suke zaune. Kowace ta riga ta shiga cikin wutar 'yar'uwarta ta laɓe, ta kuma bari an sani. Dabarar ita ce, in ka san ranar da ka kashe mini ni ma zan kashe maka, sai kowa ya kama kansa."

"Ga shi kuwa ba su kama ba," in ji mai gari.

"Wannan karon ba su kama ba."

Wani daga cikin majalisar ya ce ai haka suke da makiyayan da ke sauka arewa da gari, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai iya, shi ya sa ake gaisawa. Mai gari ya girgiza kai ya ce wannan daban, makiyayi ya san gonar wa ya shiga, mai gona kuma ya san rugar da zai nufa. Ya sake juyowa wajen Souleymane ya tambaye shi yaushe za a buɗe. Souleymane ya ce an ce sai an zo da wata na'ura an wanke kan kowane akwati ɗaya bayan ɗaya, masu yin aikin kuma su uku ne a duk ƙasar. Mako biyu, ko uku, ko fiye.

Kafin ya hau moto ya ja Wada gefe. "Na san abin da ke ranka, Malam Wada. Wallahi in dalmar nan ta tsinke, ba ni da bakin da zan kare ka. A rubuce yake."

Wada ya ce ya ji.

Da la'asar ɗin ranar Mariya ta zo santiral. Ita ce manjo, wato shugabar likitar garin, mace mai kamar shekara talatin da biyar, ba ta da wasa. Ta ce firigon allurar rigakafi yana riƙe sanyi kwana biyar in ba a buɗe shi ba, yau kwana uku ke nan. Ta aika da rabin alluran zuwa Dungas cikin akwatin sanyi, amma akwai maganin tsai da jinin haihuwa da ba za ta iya rabuwa da shi ba, tana da mata huɗu da watansu ya kama. Ta ce kuma tun jiya yara bakwai aka kawo mata da gudawa, duk ruwan rijiya ne.

"Ni ban ce ka yi komai ba, Malam Wada," in ji ta. "Na dai gaya maka abin da ke akwai."

Wada ya koma gida ya zauna a kan turmi. Ladi tana tace ruwa da ɗankwali, ta dube shi ta ce, "Malam, in za ka yi ka yi. Da can da ba jika sittin ɗin, ba mu mutu ba."

Wada ya shiga lissafi. Abin da yake lissafawa ba albashi ba ne. Ya san manyan akwatunan sun fi ƙarfinsa, ko ya buɗe su ba zai iya cire abin da aka sa musu a ka ba. Amma pano ba su da kai, in rana ta taɓa su wuta suke bayarwa, ko kamfani ya so ko bai so ba. Wayoyinsu ne kawai suke shiga cikin akwatunan, a bayan dalma. In ya ciro layi biyu ya kai su famfo kai tsaye, abin da zai rasa shi ne ɗan akwatin da ke daidaita wa famfo wuta. Ya tuna Faruku, wani mai lambu a Dungas da ya taɓa yi wa gyara, yana da irinsa a ajiye tun da rijiyar lambunsa ta rushe.

Ranar Asabar ya hau kabu-kabu ya je Dungas. Faruku ya ba shi aro ba tare da dogon zance ba. Ya sayo waya mai kauri, ya karɓo tsohon batir ɗin babbar mota wajen wani makanike. Da ya dawo ya wuce wajen mai gari ya faɗa masa abin da zai yi da abin da zai biyo baya. Mai gari ya ce a rubuta cewa shi ya sa shi. Wada ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun da ya tsinke shi za a tambaya." Abu ɗaya ya roƙa, a tara masa tabarmi da barguna, don ba a kashe pano da maɓalli, sai dai a rufe masa ido.

Da safiyar Lahadi, kafin rana ta yi ƙarfi, mata suka fito da tabarmin gidajensu, har da zannuwan gado. Aka lulluɓe layi biyu, aka danne da duwatsu. Wada ya sa kowa ya koma bayan shinge. Ya shiga ɗakin ƙarfen, ya yi bisimilla, ya sa almakashin waya ya datse dalmar akwatin farko. Ya ɗan tsaya yana kallon cikinsa, don ya daɗe yana son ya gani, sannan ya kama aiki.

Layin farko ya fita lafiya. Yana cikin kwance na biyu iska ta taso, irin ta bazara mai zuwa ba sallama, ta yaye tabarmi uku. Waɗanda ke waje suka yi ihu, amma kafin ya gane me ake cewa wuta ta tashi tsakanin wayar da ƙarfen da ke hannunsa, fara fat, da ƙara kamar an yaga sabon yadi. Ta jefar da shi jikin bango. Da ya miƙe, tafin hannunsa na hagu ya ƙone, yatsu biyu sun yi fari.

Mariya ta wanke ta naɗe. Ta ce ya tafi Dungas yanzu. Ya ce sai ya gama, aikin da ya rage na hannu ɗaya ne in an riƙe masa. Ita ta riƙe masa, yana gaya mata inda za ta danna. Kafin su fara sai da aka sake rufe pano, wannan karon maza suka zauna a gefen tabarmin suka danne da hannu. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya ce a yaye. Ɗan akwatin Faruku ya yi ƙyafta-ƙyafta, famfo ya yi gurnani ya yi shiru, ya sake yi, sannan aka ji ruwa yana hawa bututu. Kafin la'asar ya haɗa wa firigon likita pano biyu da batir ɗin motar. Sai a lokacin ya yarda aka ɗauke shi a moto.

Gidaje ba su samu wuta ba, injin niƙa ma bai tashi ba. Famfon kuma sai rana ta ɗaga yake aiki, in ta karkata ya tsaya, tankin bai taɓa wuce rabi ba. Aka tsara ɗiba unguwa-unguwa, dabbobi aka bar su a rijiya. Gudawar yara ta ja baya cikin mako. Biyu daga cikin matan nan huɗu suka haihu a kwanakin, ɗaya ta buƙaci maganin da ke cikin firigon.

A rediyo an yi ta maganar rigimar ƙasashen biyu kwana da kwanaki. An ce wadda aka taɓa ta rama, wani birni na ɗaya ƙasar ya kwana biyu ba wuta, kowace kuma ta musanta cewa ita ce. Daga baya aka ce sun zauna sun yi alkawarin ba za su ƙara taɓa wutar farar hula ba. Mai gari ya saurara har ƙarshe bai ji an ambaci ƙauyuka ba, ya sa aka mayar da tashar wajen masu waƙa.

Ranar kwana na sha tara ma'aikatan kamfanin suka iso da farar mota, Souleymane yana tare da su. Cikin awa biyu suka wanke kan akwatunan, fitilu suka koma kore. Babbansu ya ga dalmar a tsinke, ya ɗauki hoto, ya ga baƙin tabon da wuta ta bari a jikin akwatin farko, ya ɗauki hoto. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi wanda ya yi, Wada ya ce shi ne. Babban nasu ya duba haɗin da aka yi wa famfon ya daɗe, ya ce da Souleymane wani abu da faransanci, Wada ya tsinci kalmar da ke nufin aikin ya yi tsabta.

Bayan mako uku takardar sallama ta zo. Souleymane da kansa ya kawo ta, ya zauna a zauren Wada ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce ya rubuta musu duk abin da ya faru, sun amsa cewa sun fahimta, amma in suka bar wannan ta wuce, gobe kowane mai gadi zai buɗe akwati. Mai gari ya je wajen magajin garin Guci, magajin gari ya rubuta wasiƙa, ba a samu amsa ba. Wada ya miƙa makulli, ya ce Souleymane ya tsaya ya ci abinci, Ladi ta kawo tuwo da miyar kuka suka ci tare.

Wanda aka kawo a madadinsa, Abdoul Razak, yana da takardar makarantar sana'a ta Damagaram. Makonsa na farko ya zo gaishe da Wada, ya ce kamfanin ya aiko a sa wa kowane famfo wani maɓallin hannu, wanda in akwatunan sun sake kullewa za a juya ruwa ya ci gaba da zuwa. Ya ce zanen da aka aiko bai fito masa sosai ba, ko Baba Wada zai zo ya duba. Wada ya je ya nuna masa, ya dawo.

Yatsun nan biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Gyaran salula ya gagare shi, don aiki ne na tsinin hannu. Amma labarin ya zaga, masu lambu da kwamitocin ruwa na ƙauyuka suka fara aiko masa. Yanzu yakan yi kwana uku ko huɗu a mako yana yawo tsakanin Guci da Dungas da Dogo-Dogo, wani lokaci har Magarya, da jakar kayan aiki a bayan kabu-kabu. Wani watan ya samu fiye da albashinsa na da, wani watan bai kai rabi ba. Da damina yana komawa gonar surukinsa, ya koyi riƙe hauya da yatsu uku. Bana gyaɗa ya fi shukawa, saboda Ladi ta ce wadda take saye a kasuwa ta yi tsada, kuma rabinta ba mai.